Yadda ake ɗaukar sauti idan kamara tana canza gudun firam

Duk mai ɗaukar biki ko bidiyon waƙa ya san daɗin hoton da ke tafiyar hawainiya: amarya ta juyo a hankali, mayafinta na tashi, kuɗin liƙi na saukowa ɗaya bayan ɗaya. Matsalar tana fitowa ne a wurin editin, a buɗe fayil a tarar babu sauti ko kaɗan. Kamarar lafiyarta ƙalau. Kamarar Panasonic GH5 a tsarin VFR, wato tsarin canza gudun firam (firam shi ne kowane hoto ɗaya daga jerin hotunan da ke haɗa bidiyo), wanda yake kaiwa firam 180 a sakan ɗaya, ba ta ɗaukar sauti, haka ma Sony a7 III a nata irin tsarin mai suna S&Q. Dalili kuwa, idan ka ɗauki firam 100 a sakan aka ajiye shi a kan 25, sakan 10 ya zama 40, muryar da aka ja haka kuwa gurnani take komawa. Saboda haka tun kafin ka danna maɓalli ya kamata ka san sautin da zai zauna ƙarƙashin hoton.

Fara da duba ko kana buƙatar wannan tsarin ma. Kamarori da yawa suna ɗaukar firam 50 a tsarinsu na kullum, da sautinsu, a7 III ma tana kai 100. Ka ɗauka a haka, ka rage gudun a kwamfuta. A ganina wannan ya fi wa mai ɗaukar biki, domin ba za a sake ɗaura aure don kai ba. Ka kuma tsaya a kan 25, 50 da 100, tunda wutar Najeriya da Nijar a kan 50Hz take. 60 ko 120 na iya sa fitilu su riƙa ƙyaftawa a hoton.

Idan dole sai VFR, to ka tanadi rikoda daban, irin su Zoom H1n ko Tascam DR-40X, ko da waya ce da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga. Saita ta a nau'in fayil ɗin sauti na WAV, 48kHz, allurar sauti ta riƙa tsayawa wajen -12dB, ka sa abin ji a kunne. Kunna rikoda tukuna, sannan kamara, ka faɗi lambar fitowar da baki, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara. Amfanin tafin zai zo idan za ka mayar da wani sashe gudunsa na asali: hoton da aka ɗauka a 100 ka ninka gudunsa sau 4, ka nemo firam ɗin da tafukan suka haɗu, ka ɗora shi daidai kan tsinin da ƙarar tafin ta yi a zanen sautin.

Kafin ku tashi daga lokeshan, a yi shiru ka ɗauki sautin wurin na minti ɗaya ko biyu, ka kuma ɗauki guɗa, kalangu ko takun doki kowanne shi kaɗai, a kusa. Hoton ya ninka tsawo, sautin da ka ɗauka tare da shi ba zai rufe shi ba. Waɗannan ne za ka shimfiɗa a ƙasa a gudunsu na asali, kunne kuwa yana karɓa.

Bidiyon waƙa shi ne ya fi buƙatar shiri, kuma nan ne aka fi yin asara. Kana so jarumi ya motsa a hankali amma bakinsa ya dace da baitin. Raba gudun ɗauka da gudun da za a kalla: 50 a raba da 25 ya ba da 2. Tun a gida ka ninka gudun waƙar sau 2 a manhajar gyaran sauti ta Audacity, da zaɓin da ke ƙara sauri ba tare da murya ta siranta ba, ka sa ƙarar ƙirge guda huɗu a farkonta don 'yan wasa su san inda za su shiga. Wannan za ka saka musu a lasifika suna bi da baki. A editin, hoton ya koma 25, ka ɗora waƙar ta asali, baki da baiti su haɗu. Ka tura musu mai saurin kwana biyu kafin shutin su haddace, don a ranar ba wanda zai iya kama ta nan take. Kada ka gwada da firam 100, babu bakin da zai bi waƙa a ninki 4.

Waya kuma nata ciwon daban ne: da kanta take sauya yawan firam idan haske ya ragu ko ta yi zafi, sai ka ga sauti ya dace a farko, can gaba ya zame. Kafin ka fara yanka, ka wuce da fayil ɗin ta manhajar sauya bidiyo ta HandBrake, ka zaɓi tsayayyen gudu na 25 ko 30 gwargwadon yadda aka ɗauka, sannan ka shigar da shi manhajar editin.