Yadda Ake Kiran Dila Ya Zo Gaban Maharbi

Kiran naman daji da kukan ƙarya dabara ce da maharban Amurka suka ƙware a kanta wajen farautar koyot, wani ɗan'uwan dila da ke ƙasarsu, kuma tana aiki a kan dila da yanyawar da muke da su a ƙauyukan Kano da Jigawa. Ana kwaikwayon kukan zomo ko ɗan akuya da ya shiga wahala, sai dila ya taho yana zaton zai sami nama a banza. Na ga samari da dama sun gwada sun dawo hannu rabbana suna cewa kiran ba ya aiki, alhali kuwa iska ce ta tona musu asiri tun kafin su buɗe baki.

Ka fara da izini. Dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon wajabta lasisi ko da a kan bindigar toka. Ba a farauta a dajin Falgore ko a Baturiya, domin keɓaɓɓun wurare ne. Ka sanar da mai unguwa da Sarkin Baka, sannan ka leƙa rugar da ke kusa ka gaya musu inda za ka zauna da lokacin.

Daga nan ka nemi sawu. Dila yana bin burtali da bakin fadama, yana barin kashinsa mai gashi a fili a kan hanya, da rana kuma ya kwanta cikin sabara ko kalgo mai duhu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an yanke kara, daga Disamba zuwa Fabrairu, domin gonaki sun buɗe kana hango nesa.

Sai batun iska, wanda shi ne rabin aikin ko fiye. Dila malamin daji ne, ba ya yarda da kunnensa sai hancinsa ya tabbatar masa, saboda haka in ya ji kuka ba kasafai yake miƙowa kai tsaye ba. Yakan yi zagaye har ya kai gefen da iska ke kaɗawa, ya tsaya ya sunsuna. Idan warinka ya riski wurin, zai juya ba tare da ka ko ga wutsiyarsa ba, kuma dilan da ya taɓa haɗa wannan kuka da warin mutum yana da wuya ya sake amsa shi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ka shigo daga kudu maso yamma, iska na bugun fuskarka, kada kuma ka ratsa ta wurin da kake zaton yana kwance. Saboda wannan ne na fi son zaman yamma a kan na asuba a wannan lokaci: kana fuskantar iska, rana tana faɗuwa a bayanka, haskenta yana cikin idon dabbar. Da asuba lissafin juyewa yake yi, kai ne rana ke kashe wa ido.

Ka ƙulla toka a tsumma ka sa a aljihu. Kafin ka zauna ka saki kaɗan daga tsayin kafaɗa ka ga inda ta nufa, ka kuma maimaita bayan ɗan lokaci, domin iskar yamma takan lafa ta sauya. Gefen da tokar ta bi dole ya zama fili tarwai wanda bindigarka ke iya kaiwa, tunda ta nan baƙon zai ɓullo. In akwai duhuwa a wannan gefen, wurin bai yi ba, ka tashi ka nemi wani komai kyansa. Babur kuwa a bar shi nesa, kimanin rabin kilomita, a ƙarasa da ƙafa. Ranar fita ba turare, ba taba, ba wanka da sabulu mai ƙamshi. Ka jingina da suri ko gindin aduwa domin siffarka ta ɓace, kada ka zauna a kan tudu inda za a hango ka a sarari, ka rufe fuska da rawani mai launin ƙasa, ka ɗora bindiga a gwiwa tun kafin ka fara.

Kiran kansa ba shi da wuya. Ka jiƙa bayan hannunka ka tsotse shi da leɓe a matse, zai fitar da tsuwa irin ta ɓera, wadda ke aiki in dabbar tana kusa. Domin nesa, ka matse faffaɗan ganyen ciyawa tsakanin manyan yatsunka biyu ka hura a gutsuttsure, da rawar murya, tamkar zomon da aka danne. Ka fara a hankali, ka yi rabin minti, ka yi shiru na minti 3, sannan ka ƙara ƙarfi. Sabon shiga yakan yi ta hurawa ba hutu, alhali zomo ƙaramin huhu gare shi, ba ya iya wannan. Masu waya suna saukar da kukan su sa a ƙaramar sifika, kuma ba laifi, ta fi na'urorin kira na ƙasashen waje araha nesa ba kusa ba. Sai dai a ajiye ta taku 30 a gabanka, ta ɓangaren da iska ke fitowa, a ɗan karkace gefe, yadda in dila ya zagaya ta zai faɗo gaban bindiga kafin ya shiga warinka.

Da ka hango shi ka daina kira, kada ka motsa sai kansa ya shiga bayan wani abu. In ya tsaya yana shakka, tsuwa ɗaya ta isa. Da bindigar toka ban yarda da harbi fiye da taku 30 ba. Kada ka taɓa harba don ka ga ido yana ƙyalli ko ciyawa na motsi, domin kukan ɗan akuya yana jawo karen Fulani, yana kuma jawo yaron da ke neman dabbarsa da ta ɓace. In duhu ya hana ka ganin dabbar gaba ɗaya da abin da ke bayanta, zama ya ƙare.

Yanyawa ma takan amsa tsuwar ɓera, musamman a jigayi inda take haƙa ramukanta, amma ni ƙa'idata a bar ta ta wuce. Nauyinta bai wuce kilo 3 da ɗoriya ba, abincinta ɓeraye ne da fara da 'ya'yan itace, amfaninta ga manomi ya fi ɓarnarta. Dilan da ya saba ɓarna a garke shi ake nema.

In minti 30 suka wuce shiru, ka tashi a hankali ka matsa kilomita guda, kada ka koma wuri ɗaya sai bayan mako biyu. In ka samu, kada ka taɓa gawar da hannu tsirara ko ka bar karnuka su ci, saboda dila yana ɗaukar ciwon haukan kare. A haƙa rami mai zurfi a binne, wanda kuma aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar.