Ciwon Ciki Bayan Kumburin Hanji Ya Lafa: Yadda Ake Gano Tushensa

Mai cutar Crohn (daɗaɗɗen kumburi da kan kama kowane sashe na hanji) ko ta kumburin babban hanji yakan sha magani har gyambon ya warke, amma murɗar ciki da gudawa su ƙi tafiya. A bangon hanji akwai sarƙoƙi biyu na jijiyoyi masu kai saƙo: ɗaya tsakanin tsokoki tana sarrafa motsin hanji, ɗaya a can ciki tana kula da ruwan da yake fitarwa. Idan ƙwayoyin garkuwar jiki suka daɗe suna zuba sinadarai irin su TNF da histamin a wurin, wasu jijiyoyin kan mutu, sauran kuma su zama masu saurin ji, har ƴar iska ta zame musu zafi. Ƙara maganin danne garkuwar jiki ba ya gyara wannan.

Don gane ko kumburin ne ya dawo, da farko a gwada kashi don auna kalfurotektin, sinadarin da ke ƙaruwa a kashi idan hanji ya kumbura. Ƙasa da maikurogiram 50 a kowane giram, da wuya akwai kumburi. Sama da 250, mai yiwuwa cutar ta tashi. Idan sakamakon ya faɗi a tsakiya, a maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu. Ibuprofen da diclofenac kan ɗaga adadin, suna ma iya tayar da cutar, don haka a gaya wa likita idan ana shan su. A haɗa da gwajin jini na CRP, mai nuna kumburi a jiki, a kuma nemi ƙwayar cutar C. difficile, mai haddasa gudawa, a kashi. Crohn da ke ƙaramin hanji takan ɓuya wa kalfurotektin, sai da hoton MRI, wanda kuma ke nuna inda hanji ya tsuke.

Idan duk an wanke hanji daga zargi, sai a koma kan jijiya. Likita kan fara da amitriptyline, maganin da ke rage zafin jijiya, miligiram 10 da dare, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Tramadol da codeine kuwa abin gudu ne, domin suna kashe motsin hanji, daɗewa a kansu na ƙara zafin.

Kashin jini sau shida ko fiye a rana, tare da zazzaɓi ko bugun zuciya sama da 90 a minti, na asibiti ne nan take. A wannan hali kada a sha maganin tsayar da gudawa na loperamide, domin yana iya tsayar da babban hanji ya kumbura har ya fashe.