Darasi na 9: Jirgin da Iskar Hadari Ta Kayar a Kano

Ranar 24 ga watan Yuni, 1956, da yamma, wani jirgin sama na kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga filin jirgin Kano. Daga Legas ya taso, zai yada zango a Tarabulus ta ƙasar Libiya, sannan ya wuce Landan. Jirgi ne mai injin huɗu, ƙirar Argonaut, ɗauke da mutum 45: fasinja 38, ma'aikata 7.

Lokacin damina ne, ga hadari ya haɗo kusa da filin. Jirgin ya bar ƙasa lafiya lau. Bai yi nisa ba sai ya afka cikin ruwa mai ƙarfi, ya fara yin ƙasa maimakon sama. Matuƙin ya ba injuna wuta iyakar iyawarsa, abin ya gagara. Fiffike ya bugi bishiya, jirgin ya faɗi, wuta ta kama. Mutum 32 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmi, ya ba na baya haƙuri.

To, me ya kawo haka? Jirgi yana son iska ta riƙa bugo shi ta gaba, domin ita ke ɗaga fukafukansa. Duk wanda ya taɓa noma ya san halin iskar hadari: yanzu tana kaɗawa daga nan, kafin ka naɗe tabarma ta juya. Abin da ya faru ke nan. Iska ta sauko daga cikin gajimare ta danne jirgin, sannan ta koma bayansa, gudunsa ya ragu, shi kuwa bai yi saman da zai farfaɗo ba. Masu bincike ba su ɗora wa matuƙin laifi ba, kuma a ganina sun yi adalci, don a zamanin babu na'urar da ke hango irin wannan iska. Yau akwai ta, shi ya sa za ka ji an ce fasinja su dakata sai hadari ya wuce.

Aikin aji
1. Mutum nawa suka tsira? Cire 32 daga 45.
2. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku, ka lura da haruffa masu ƙugiya: matuƙi, ƙasa, faɗi, ɗaga.
3. Gaya wa na kusa da kai, da bakinka, dalilin da jirgi ke fuskantar iska in zai tashi.