Yadda ƙungiyar matan ƙauye za ta shirya zumunci da fitar sallah

A ƙauyukan da ke kewaye da Kano, daga wajejen Gezawa da Minjibir har zuwa Kura da Dawakin Kudu, da wuya a sami garin da ba shi da wata ƙungiyar mata, ko ta adashi, ko ta makarantar Islamiyya, ko ta gudunmawar biki da suna. Kusan kowace shekara maganar shiga birni kallon hawa takan taso a irin waɗannan ƙungiyoyi, amma sai a goman ƙarshe na azumi, lokacin da kuɗin kowa ya riga ya tafi ga tela da mai takalma, saboda haka ake taɓa ta sau biyu ko uku a bar ta sai baɗi. Ƙungiyar da take son fitar ta tabbata, wajibi ne ta fara shiri wata huɗu ko biyar kafin sallah, domin abubuwan da ke kashe tafiyar, wato kuɗi da izini da mota, babu wanda ake gamawa a cikin mako guda.

Abu na farko shi ne a tsayar da sallar da za a fita. A ganina ƙaramar sallah ta fi dacewa da matan karkara. A babbar sallah mace takan shafe kwana biyu ko uku tana kan gyaran kayan ciki da suya da rabon nama, kuma a 'yan shekarun nan babbar sallah tana faɗowa ne a bakin damina, lokacin da maza suke gona, ga iri da taki suna neman kuɗi. Ƙaramar sallah kuwa tana zuwa yanzu a cikin watan Maris ko Afrilu, kamar yadda ta 2025 ta zo a ƙarshen Maris, wato babu aikin gona sai ga masu noman rani, illa dai akwai zafin bazara da za a yi wa tanadi. Tun da watannin Musulunci suna matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, ya kamata a riƙa sake duba wannan lissafi, kada a ɗauka abin da ya yi daidai bana zai yi daidai nan da shekara biyar.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi raba kan mata. Ƙa'idar da ba ta da sassauci ita ce kada a haɗa kuɗin fita da kuɗin adashi. Adashi yana da mai ɗauka a kowane zagaye, kuma wadda ɗaukarta ta zo ta riga ta ƙulla abin da za ta yi da shi, ko jarin ƙuli-ƙuli, ko kayan ɗakin 'yarta. Ranar da aka ce mata ta yi haƙuri an ranci kwasarta an biya mota, daga ranar ƙungiyar ta fara tsagewa ko da ba ta ce uffan ba. Saboda haka a buɗe asusu dabam, a sa masa suna, a ba wata mace riƙonsa wadda ba ita ce uwar adashi ba, sannan a sami ta uku mai iya rubutu, ko da da ajami ne, ta riƙe littafi. Zubin ya zama kaɗan, wanda mai sayar da ƙosai da mai saƙar tabarma za su iya yi kowane mako ba tare da sun taɓa jarinsu ba, kuma a riƙa karɓarsa a gaban jama'a ana kiran suna ana rubutawa.

Ajiye tsabar kuɗi wata biyar a ƙarƙashin katifa yana da haɗari biyu: ga masu zuwa neman rance da kuka, ga kuma faɗuwar darajar naira, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota bai sake zama wuri ɗaya ba. Dabarar da matan karkara suka daɗe da sani ta fi: idan zubi ya taru a lokacin kaka, a sayi wake ko gyaɗa ko gero, a zuba waken a buhu mai leda a ciki wanda ba ya barin iska ta shiga, a ajiye a ɗakin da mutum biyu suka san makullinsa, a sayar gab da azumi. Ba kowace shekara ake cin riba ba, akwai shekarar da farashi kan karye, don haka kada a zuba duk asusun a hatsi, a bar kashi ɗaya cikin uku a hannu. A wajen lissafi kuma a ƙara wani abu a kan abin da ake zaton za a kashe, saboda fashewar taya ko rashin lafiyar da ba a shirya mata ba.

Izini ba a barinsa sai daren tafiya. Kowace mace ta sanar da maigidanta tun ranar da ta fara zubi, amma wannan kaɗai ba ya isa, domin namiji yakan amince a ɗaki, ya fita majalisa a zuga shi, ya dawo ya janye. Maganin wannan shi ne shugabar ƙungiya da dattijuwa ɗaya ko biyu su je wurin mai unguwa ko dagaci da kuma liman, su faɗi ranar, da wuraren da za a je, da lokacin dawowa, su roƙi a ba su maza biyu masu mutunci su yi rakiya. Idan liman ya san da maganar kuma ya sa mata albarka, bakin majalisa yakan mutu da kansa. Gidan da ke da mata biyu ko uku, a duba wadda girki zai faɗo a kanta ran tafiya, su daidaita tsakaninsu da wuri. Wadda kuma mijinta ya hana, kada a yi ta zarya ana kai ƙararsa, a mayar mata da zubinta cif, ko a ajiye mata shi zuwa wata hidimar idan ta yarda.

Game da anko, shawarata ita ce a yi hattara. Turmin atamfa ɗaya ya isa ya hana mata biyar tafiya, kuma waɗanda za a rasa su ne waɗanda suka fi bukatar fitar. Hijabi ko mayafi mai launi ɗaya ya wadatar, yana da araha, telan gari zai ɗinka shi tun kafin cunkoson azumi, sannan yana da wani amfani da atamfa ba ta da shi: a cikin turmutsitsin kallon hawa ana hango shi daga nesa.

Kafin a kai ga fita waje, akwai zumuncin cikin gari, wanda shi ne ainihin abin da ke riƙe ƙungiya, kuma ba ya cin kuɗi sosai. Kwana biyu kafin sallah a haɗu a gida ɗaya mai faɗin tsakar gida a yi kitso da ƙunshi, a kwaɓa lalle a babban kwano ɗaya, masu iya kitso su yi wa tsofaffi da marayu kyauta. Washegarin idi a rabu gida-gida a kai gaisuwar barka da sallah, kuma a fara da waɗanda ba su da halin fitowa: mai takaba da ke cikin wata huɗu da kwana goma nata, mai jego da ba ta yi arba'in ba, tsohuwar da ƙafa ta hana ta tashi, da amaryar da aka kawo daga wani gari wadda ba ta da dangi kusa. A tafi da kwanon tuwo ko 'yar ledar cincin, a zauna a ɗan taɓa hira, kada a tsaya daga bakin ƙofa. Matan da ba za su sami zuwa birni ba, a nan suke gane cewa ba a manta da su ba.

Mota a nemi shatarta a tasha, ta hannun shugabannin 'yan ƙungiyar direbobi, ba a bakin titi ba, domin idan direba ya saɓa alkawari akwai inda za a kai ƙara. A yi ciniki mako biyu kafin sallah, a ba da kafin alƙalami a gaban shaida, a kuma fayyace cewa kuɗin ya haɗa da mai da jira da dawowa, kuma direba ba zai tafi yin lodi ya bar mata a rana ba. Bas mai cin mutum 18 kada a ɗura mata 25 da sunan yara ba sa cin wuri. Ɗaya daga cikin 'yan rakiya ya je ya ga motar da idonsa, ya duba tayoyi da safaya.

Ga ƙungiyar da ta nufi Kano, zaɓin yana tsakanin hawan Daushe da hawan Nasarawa. Hawan Daushe, wanda ake yi washegarin sallah, shi ya fi ƙayatarwa: Sarki yakan je Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar Sarki, ya dawo Ƙofar Kudu inda hakimai suke jafi, ga 'yan lifida da dogarai da masu kakaki da algaita. Matsalarsa ita ce da yamma ake yinsa, ba a watsewa sai gab da magariba, ga cunkoso, wanda ke nufin matan ƙauye za su kama hanya da dare. Hawan Nasarawa kuwa a rana ta uku ake yinsa da safe, Sarki yakan fita wajen ganuwa zuwa gidan Nasarawa da gidan gwamnati, kuma hanyar tana da tsawo, ana iya samun gefen titi mai inuwa a tsaya ba tare da matsi ba. Ga mata masu goyo da tsofaffi, shi nake ganin ya fi. Sai dai lallai a saurari rediyo a daren tafiya, domin akwai shekarun da aka dakatar da hawan, kamar 2020 saboda annobar korona, da kuma wasu sallolin baya-bayan nan da jami'an tsaro suka hana. Don haka a tanadi abin da za a yi idan babu hawa.

Wuraren da za su cike gurbi ba su da wuyar samu. Gidan Makama yana nan daura da gidan Sarki, an mai da shi gidan adana kayan tarihi, kuma rabin sa'a zuwa sa'a guda ta isa a zaga shi. Gidan Zoo na Audu Bako yara suna sonsa ƙwarai, amma a kwanakin sallah yakan cika maƙil bayan azahar, saboda haka a shiga da hantsi a fito da wuri. Dutsen Dala sai masu ƙarfin gwiwa, kuma a bazara ban ga dalilin hawansa da tsakar rana ba. Wuri biyu sun isa yini guda. Ƙungiyar da ta lissafa biyar za ta ƙare da zama cikin mota. Waɗanda suka fi kusa da Katsina ko Zariya suna da hawan Bariki, na wajen Daura kuma suna da rijiyar Kusugu, kuma tsarin shirin duk ɗaya ne.

Abinci a dafa shi a gida da asuba, a zaɓi wanda zafi ba ya saurin lalata shi, kamar dafa-duka da dambun nama da cincin. Zoɓo da kunun aya a sa musu ƙanƙara a kula, a kuma shanye kunun da wuri domin ba ya jure rana. Ruwa ya fi komai, a ɗauki fiye da yadda ake zato, tare da 'yan ƙullin gishiri da sukari na kemis, da buta biyu da tabarmi. A tsara tun daga gida inda za a yi sallar azahar a kuma kama ruwa, mafi kyau gidan wata 'yar garin da ke aure a birni, wadda aka sanar da ita tun mako guda kafin ranar.

Yara su ne babban nauyi. A ƙayyade adadin da kowace mace za ta zo da shi, a rubuta lambar wayar ɗan rakiya a takarda a maƙala wa kowane yaro a aljihu. A raba mata rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, kowane rukuni da jagora, a riƙa ƙirga kai duk lokacin da za a hau mota. A gargaɗi kowa cewa ƙarar bindigogin gargajiya tana firgita yara har su ruga, dawakai kuma sukan yi fitar burtu cikin 'yan kallo, don haka a tsaya nesa da bakin hanya. Waya da kuɗi a ɗaure su a lalita ƙarƙashin hijabi, a bar sarƙar gwal a gida. A tsayar da wuri ɗaya sananne wanda duk wadda ta ɓace za ta koma ta jira.

Da an yi la'asar a kama hanyar gida, ko da wasu suna roƙon a ɗan leƙa kasuwa. Tsarabar waɗanda aka bari a gida a saye ta daga asusun ƙungiya tun da rana, alawa ko dabino ko turare, a raba daidai. A zama na farko bayan sallah mai littafi ta karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, ɗaya bayan ɗaya, har kuɗin ƙanƙara da na shiga Gidan Zoo, ma'ajiya ta ajiye ragowar a kan tabarma a ƙirga a gaban kowa, sannan a tambayi mata ko a raba ko a bar shi ya zama zubin farko na baɗi.