Yadda Ake Zama Malamin Jami'a a Fannin Adabi da Fina-finan Ƙasar Sin

Duk wanda yake son ya koyar da adabi da fina-finan ƙasar Sin a jami'a, ya kuma yi bincike a kansu, da harshe zai fara, domin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo ba ta isa a gina digiri na uku a kanta. A Nijeriya akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Legas da kuma Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, inda ake koyar da Sinanci, ake kuma shirya ɗalibai domin jarrabawar HSK ta auna ƙwarewa a Sinanci, wadda jami'o'in Sin suke neman sakamakonta kafin su ɗauki baƙon ɗalibi a kwas ɗin da ake koyarwa da harshensu. Bayan haka ɗalibi yana iya neman tallafin karatu na gwamnatin Sin, domin zama cikin masu harshe yana gyara kunne fiye da aji.

Sai dai iya magana a kasuwa daban, iya karatun manazarci daban. A babban yankin Sin ana rubutu da haruffan da aka sauƙaƙa tun daga shekarun 1950, amma Taiwan da Hong Kong sun riƙe na gargajiya, kuma duk jarida ko littafin da aka buga a Shanghai kafin 1949 da na gargajiyar aka buga shi. Saboda haka dole mai bincike ya iya karanta duka biyun. Wanda zai nazarci tsohon adabi yana buƙatar tsohon Sinanci na malamai, wanda kuma ya zaɓi fina-finan Hong Kong zai ga amfanin Kantonis, harshen da ake magana da shi a can.

A ganina, babban kuskuren sababbin ɗalibai shi ne raba fim da adabi, alhali a Sin tare suke tafiya. Fim ɗin darakta Zhang Yimou da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 1988, daga labarin Mo Yan aka ɗauko shi, marubucin da ya sami kyautar Nobel a 2012. Zhang Yimou da Chen Kaige sun kammala Kwalejin Fim ta Beijing a 1982, suna cikin rukunin daraktocin Sin da ake kira zuriya ta biyar, kuma ba a fahimtar ayyukansu sai an san Juyin Juya Halin Al'adu na 1966 zuwa 1976, wanda ya raba matasa da yawa da makaranta ya tura su ƙauyuka da masana'antu. Haka nan adabin zamani yana komawa ga marubuci Lu Xun da yunƙurin 4 ga Mayu na 1919, lokacin da marubuta suka karkata ga rubutu da harshen da jama'a suke magana da shi. Ɗalibi ya karanta labarin da aka mayar fim da alƙalami a hannu, sannan ya kalli fim ɗin yana tsayar da hoto, yana rubuta abin da darakta ya yanke, da abin da ya ƙara, da inda ya ajiye kyamara.

Idan an zo digiri na biyu da na uku, a zaɓi batu ƙarami wanda za a iya nutsewa a cikinsa, kamar kamfanin fim ɗaya a Shanghai na shekarun 1930, ko yadda darakta Jia Zhangke yake nuna garuruwan lardin Shanxi. A nemi malamin da zai duba aikin kafin a nemi sunan jami'a, a karanta abin da ya wallafa, sannan a rubuta masa wasiƙa gajera mai bayyana batun. Kayan bincike kuwa suna Ma'ajiyar Fina-finai ta Sin da ke Beijing, wadda aka kafa a 1958, da takwararta ta Hong Kong da aka buɗe a 2001.

Bahaushe yana da wata dama ta musamman a nan. Fina-finan kung fu na Hong Kong sun daɗe suna jan 'yan kallo a Kano da Kaduna, Rediyon Sin kuma yana da sashen Hausa tun shekarun 1960. Yadda masu kallo da masu sauraro a ƙasar Hausa suka karɓi waɗannan abubuwa batu ne da yake buƙatar mai jin harsunan biyu.

Aikin jami'a kansa da wallafa ake samunsa, da ita kuma ake hawa matsayi. Tun kafin a gama digiri na uku, a mayar da babi ɗaya muƙala, a gabatar da ita a taron masana, a gyara, sannan a aika wa mujallar da masana suke tantancewa. Guraben wannan fanni kaɗan ne, don haka wanda ya iya koyar da harshen tare da adabi da fim, ya kuma taɓa riƙe aji, shi sashe zai fi saurin ɗauka.