Shawara ga mai zuwa Iskandariyya

'Yan uwa, duk wanda zai ziyarci Iskandariyya a ƙasar Masar, shawarata ita ce ya fara da ginin tsaro na Ƙayitbai da sassafe, kafin rana ta take. Sarki Ƙayitbai ne ya aza harsashinsa a 1477, daidai inda tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya ta taɓa tsayawa, kuma daga samansa ana hango kwale-kwalen masunta suna lilo a kan ruwa. Masallacin Abul Abbas al-Mursi ba nisa, sai a yi azahar a can. Babban ɗakin karatun birnin, wanda aka buɗe a 2002, ya cancanci yini guda, lambun Muntaza kuwa a bar shi sai la'asar sakaliya.