Yadda Ake Adana Tarin Tsofaffin Mujallu a Gida

Kaduna gari ne na 'yan jarida. A nan aka fara buga jaridar New Nigerian a 1966, a nan mujallun Hotline da Citizen suka yi zamaninsu, a nan kuma mujallar Fim ta fara fitowa a 1999. Ga Zariya nan kusa, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta samo asali a 1939. Shi ya sa da wuya ka shiga gidan tsohon ma'aikaci a Unguwar Rimi ko Malali ko Tudun Wada ka rasa buhun mujallu a wani lungu. Galibinsu an buga su tun kafin intanet ta zama ruwan dare, don haka kwafin da ke sitonka mai yiwuwa yana cikin kaɗan ɗin da suka rage. Abin da ke cinye su a garin nan kuwa sananne ne: laimar damina, gara, da ajiya a ƙasa.

Da farko ka zaɓi lokaci. Aikin nan na hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Takarda tana shan danshin iska, ta kuma sake shi idan gari ya bushe. Wanda ya kulle mujallu a akwati cikin watan Agusta, lokacin da ko wanki sai ya kwana bai bushe ba, ya kulle su ne tare da laimar da za ta lalata su. Matsalar hunturu ƙura ce kawai, ita kuma da sauƙi: ka yi aikin cikin ɗaki, ka rufe taga.

Ka shimfiɗa tabarma ko tsohon zanen gado, ka wanke hannu ya bushe, sannan ka zazzage komai. Kada ka zauna karatu tukuna, in ba haka ba magariba za ta same ka a kan buhun farko. Kashi uku za ka yi: lafiyayyu, waɗanda fumfuna ko ƙwari suka taɓa, da waɗanda suka maimaitu ko suka lalace sarai.

Kashi na biyun shi ke buƙatar ido. Gara ba ta nuna kanta daga waje. Sai ka ga bangon mujalla fes, hoton da ke kai bai ko dushe ba, kana ɗagawa ka ji ba nauyi, ka buɗe ka tarar da jar ƙasa ta liƙe shafuka, tsakiya duk ta zama rami. Idan ka ga haka, ka duba bangon ɗaki da siminti inda buhun ya zauna, za ka ga siririyar hanyar ƙasa da ta gina. Wannan wurin ya haramta ga takarda har sai an yi masa magani. Fumfuna kuwa hanci ke fara jin ta kafin ido ya ga ɗigo-ɗigon baƙi ko fari. Ka sa takunkumi, ka fitar da mujallar waje cikin inuwa, ta sha iska ta bushe sosai, sannan ka share da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Ban da shanyawa a rana, domin rana na koɗar da launi, tana kuma busar da takarda har ta riƙa karyewa. Idan shafuka masu sheƙi sun manne da juna, ka bar su haka. Ja da ƙarfi ɓare rubutun zai yi.

Kada ka fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a jikin takarda. Tabo yake bari, kuma kai ne za ka shaƙa duk ranar da ka buɗe. Idan kana da firiza mai sanyi sosai da tsayayyiyar wuta, ka naɗe mujallar a leda ka ɗaure tam, ta yi mako guda a ciki, sanyin zai kashe ƙwari da ƙwayayensu. In ka fito da ita, ka bar ta kwana guda a ledar kafin ka buɗe, don raɓa ta taru a jikin leda maimakon takarda.

Daga nan sai ka cire duk abin da ba na mujallar ba: kyauro, fil, busasshen ganye, yankakken shafin jarida da aka cusa a ciki. Kyauro narkewa yake yi ya manne. Salatif kuma, ina roƙonka, kada ka liƙe yagaggen shafi da shi, don bayan 'yan shekaru gam ɗin zai ratsa takardar ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. 'Yar wayar da aka ɗinke tsakiyar mujalla da ita tana tsatsa a damina, tsatsar kuma tana cin takarda. Idan ta fara ja, ka buɗe mujallar daidai tsakiya, ka ɗaga ƙafafun wayar da bakin ƙaramar wuƙa marar kaifi, ka juya ka zare ta ta baya a hankali. Sai ka ninke farar takarda ka sa mujallar a ciki don shafukan su zauna tare.

Yanzu sai babbar magana, wato wurin ajiya. A ganina wannan ya fi kowane akwati muhimmanci, kuma a nan yawancinmu ke yin asara, domin mun saba kai takardu inda ba mu son gani. Siton tsakar gida mai rufin kwano ba sili, da rana zafi, da dare sanyi, wannan hawa da saukar ke tsofar da takarda. Cikin sili ma haka, ga ɓera, ga yoyo. Gareji, ƙarƙashin taga, jikin bangon da banɗaki ko kicin ke bayansa, duk ka kauce musu. Ɗakin da mutane ke kwana ko zama, wanda ake sharewa kullum, iska na shiga, shi ne wurinsu. Inda jikinka ya ji daɗi, takarda ma za ta ji.

Kada komai ya taɓa ƙasa. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako saboda gara, kuma masu walda a kasuwar Panteka za su haɗa maka daidai tsawon ɗakinka. Ka ce su yi mata fenti, ka bari ya bushe warin ya fita kafin ka ɗora kaya. Hawan farko ya tashi daga ƙasa aƙalla santimita 15, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, yadda iska za ta zagaya, tsintsiya ta shiga, ido ya ga gara in ta taso. Wanda gidansa ke kusa da kogin Kaduna, irin su Kigo Road da Bashama Road inda ruwa kan shiga gidaje idan kogin ya cika, santimita 15 ba za ta yi masa komai ba. Ya ɗora mujallunsa sama da ƙugu, ya bar hawan ƙasa ga abin da ruwa ba ya ɓatawa.

A kwance ake jera mujalla. Bangonta ba shi da ƙarfin tsayuwa irin na littafi, in ka tsayar da ita sai ta lanƙwashe. Ka haɗa masu girma ɗaya wuri ɗaya, kamar 15 zuwa 20 a kowane jeri, kana juya ƙeyarsu bayan kowace biyar don kada jerin ya karkace. Masu takardar jarida, waɗanda ke saurin zama rawaya, ka raba su da masu sheƙi, domin sinadarin da ke cin su yana ratsawa zuwa na kusa da su.

Buhun Ghana-must-go na ɗaukar kaya ne, ka bar shi a nan. Kwalin taliya ko na biskit kyankyaso yake kira. Idan kwali za ka yi amfani da shi, ka samu sabo mai kauri, ka shimfiɗa farar takarda a ƙasansa da gefensa. Akwatin roba mai murfi yana hana ɓera da yoyo. Ka juya gindinsa, in ka ga lamba 5 ko PP, ya yi. Sai dai roba ba ta numfashi, don haka busasshiyar mujalla kaɗai za ta shiga, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Tsohon akwatin ƙarfe na iyaye ma yana aiki, muddin ba tsatsa a cikinsa kuma an shimfiɗa masa takarda. Akwai 'yar na'urar auna laima mai batir, ba ta da tsada. Idan ta haura kashi 65 cikin 100 ta daɗe a nan, fumfuna na tafe, sai ka buɗe murfi ka kunna fanka. Kafur kuwa, in za ka sa, kada ya taɓa takarda, kuma ka nisanta shi da ɗakin da jariri ke kwana, don yana cutar da jarirai.

Kowane akwati ka ba shi lamba, ka rubuta a jiki da manyan baƙi. Ka samu littafi guda ka shigar da sunan mujalla, wata, shekara, da lambar akwatin da take ciki. A jikin mujallar kanta ban da biro. Waɗanda ka fi ji da su ka ɗauki hoton shafukansu da waya a hasken taga, ta yadda in wani ya zo aro sai ka tura masa hoton.

Ka zaunar da iyalinka ka gaya musu abin da ke cikin akwatunan nan. Tarin da ya tsira daga gara shekara talatin yakan ƙare a teburin mai tsire ko mai ƙosai cikin yini guda, don kawai mutanen gida sun ɗauka shara ce. Kashi na ukun nan ma, wato waɗanda suka maimaitu ko suka lalace sarai, kada ka zubar kai tsaye. Mujallunmu da yawa suna ɗauke da ayoyi da sunayen Allah, sai a ware shafukan a yi musu yadda ya kamata. Waɗanda suka maimaitu kuma suna da kyau, ka tuntuɓi Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar adana tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna, ka ji ko suna buƙata.

Ka riƙa buɗe akwatunan a farkon damina, da tsakiyar Agusta, da bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba. Ka sunsuna, ka ɗaga na ƙasa, ka haska bayan kanta da tocila. Idan tsautsayi ya sa ruwa ya taɓa su, kwana biyu gare ka kafin fumfuna ta kama. Ka fara da masu sheƙi, ka rarraba shafukansu tun suna jiƙe, ka sa farar takarda a tsakani kana sauyawa in ta jiƙa, fanka na kaɗawa a ɗakin. Sai sun kusa bushewa za ka danne su da katako mai nauyi don su miƙe.